Hancin Baƙo

Ranar da Ustaz Fikri ya sayi shimfiɗar robar, mai shagon ya dafa ƙirji ya rantse masa da ran 'ya'yansa cewa warin na ɗan lokaci ne, iska na kaɗawa zai tafi. Bai faɗi wace iska ba, shi kuma Fikri bai tambaya ba. Mutum ne da ya yi furfura yana koyar da labarin ƙasa a wata sakandare ta garin Damanhur a ƙasar Masar, ya saba karɓar magana yadda aka ba shi ita, ya miƙa ta gaba ba tare da ya shinshina ba.

Abin da ya kai shi shagon ba dogon labari ba ne. Mahaifiyarsa, Hajja Nabawiyya, ta fito daga alwala da jiƙaƙƙiyar ƙafa, santsin tayil ya kwashe ta, ƙashin ƙugu ya tsage. Daga asibiti yayarsa I'itidal ta wuce da ita gidanta a Dasuƙ, ta ba ta ɗakin da ya fi kowanne iska, ta hana ta ɗaga ko cokali. Tsohuwa ta samu sauƙi har tana takawa da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu. Amma duk sanda Fikri ya kira waya, sai ta jira I'itidal ta shiga kicin, sannan ta rage murya.

"Ka zo ka mayar da ni gidana, Fikri. Nan ko tukunya ba a barina in leƙa. Zaune nake kamar hoton mamaci a bango."

Da ya kai wa I'itidal maganar, ba ta ja ta da nisa ba. Ita dama tun suna yara ba ta jan magana, yanke ta take yi.

"Ina raye Mama ba za ta sake taka tayil ɗin nan ba. Ka gyara ƙasan gidan, Juma'ar ƙarshen wata in kawo ta in gani da idona. In bai yi mini ba, motar da ta kawo mu ita za ta mayar da mu, kuma ka binne maganar nan. Sannan ka tuna tana da asma, kada ka je ka yi mini irin aikinka."

"Wanne ne irin aikina, Abla?" ya tambaya, da sunan girmamawar da yake kiran yayar da shi.

"Irin wanda ake farawa."

Fikri zai so a ce tsantsar biyayya ce ta tayar da shi tsaye. Akwai biyayyar, ba a hana shi ba. Amma akwai kuma cewa tun da tsohuwar ta tafi ya rasa inda zai ajiye kansa tsakanin tashi daga makaranta da komawa gida. Mu da muka haura hamsin mun san darajar gidan da za ka shiga a yi maka faɗa a kan tumbinka, sannan a cika maka kwano da shinkafa da miyar lalo, a bar ka ka yi gyangyaɗi a kujera ba wanda ya tambaye ka yaushe za a gyara famfo.

Robar baƙa ce, kaurinta ya kai na yatsa, irin wadda ake yi da niƙaƙƙun tsofaffin tayoyi ana shimfiɗawa a wuraren motsa jiki. A shagon ya sa an zuba mata ruwa ya murza takalmi a kai, ba santsi ko kaɗan. Nan take ya ji ya zama injiniya. Aka hau da ita gidan a naɗe, ya yini a durƙushe da wuƙa yana yanka, ya bi da ita daga bakin gado zuwa banɗaki, daga banɗaki zuwa kicin, ya ratsa falo da ita har kujerar da tsohuwar take zama a bakin taga tana lura da wanda ya shiga gidan wa. Ya kulle ƙofa ya tafi yana jin kansa ɗa na gari.

Washegari da ya buɗe ƙofar, sai da ya ja da baya ya dafa bango. Ba irin warin da ake toshe hanci a wuce ba ne. Wani abu ne mai nauyi, tsakanin ƙaurin taya da kwalta da baƙin mai, ya shiga ta hanci ya zauna a bayan ido, ya bar ɗaci a harshe. Labule ya sha, katifa ta sha, har carbin tsohuwar da ke rataye a ƙusa ya sha.

Ya koma wurin mai shagon, mai shagon ya saurare shi da fuskar tausayi ya ce, "Ƙamshin sabon abu ne, Ustaz. Wallahi akwai masu nemansa."

A ɗakin malamai kuwa kowa ya zama likitan roba. Wani ya ce sabulun wanke-wanke da ruwan ɗumi. Wata ta ce khal, wato ruwan tsamin nan na binega, kakarta ba abin da ba ta kora da khal ba. Aka ce gawayi, aka ce garin gahawa, aka ce a yanka albasa a bar ta ta kwana, aka ce turaren wuta safe da yamma. Malamin wasanni, wanda ba ya magana sai ya ga dama, ya ce rana kawai. Fikri ba ya son ɓata wa kowa rai, don haka ya yi duka.

Kullum daga makaranta sai gidan tsohuwar. Ya naɗe ƙafar wando, ya durƙusa da burushi da bokiti, ya goge, ya ɗauraye, ya tsane da tsumma, gwiwoyinsa suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Da ya zo kan khal, sai gidan ya koma kamar an jiƙa taya a tulun kayan tsami. Duk wani abu mai zurfi da hannunsa ya kai gare shi a gidan ya cika shi da gawayi ko gahawa ko albasa, ya jera a lungu-lungu kamar mai ciyar da aljanu. Turaren wuta kuwa bai kori warin ba. Aure suka yi, suka haifi wani na uku wanda ba shi da suna.

Saura rana. Ya naɗe robar, ya saɓa ta gunduwa-gunduwa ya hau da ita saman bene. Benen dogo ne, kuma ba abin hawa sai ƙafa. Kowace gunduwa nauyinta kamar buhun simintin da ya sha ruwa, kuma tana da wata dabara ta warwarewa a daidai kwanar matakala. Ya shimfiɗa su tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanya, ya zauna a inuwar tanki yana haki, yana kallon baƙar robar tana shan rana tana mayar da martani.

Da ya dawo ɗauka ya tarar da Umm Sabri tana jiransa. Maƙwabciyar tsohuwar ce ta hawan sama, mijinta ya rasu ya bar mata murya.

"Ustaz Fikri, kai ne ka ƙona mota a nan?"

"Shanya ce kawai, Umm Sabri, ta ɗan lokaci."

"Shinshina wannan." Ta miƙo masa zanin gado har hancinsa. "Wanki na biyu ke nan. Surukina ya kwana a kan ɗayan zanin, da safe yana tambayata ko gas ne ke yoyo. Kai da karatunka da gashin bakinka. Da Hajja na nan ai ba ka isa ba. Ka kwashe baƙar fatarka kafin in wurga ta titi, in ta faɗa kan wani kai za a kama, ni ba ruwana."

Daga nan sai ya zama yana hawa da robar ranar da ba ta wanki, ya sauko da ita ranar da take yi. Ita kuwa kamar kwangilar wankin unguwa ta karɓa. Ya hau, ya sauko, ya hau, har 'yan benen suka daina ce masa sannu, suna dai matsawa jikin bango su ba shi hanya.

A gidansa ma bai tsira ba. Matarsa Su'ad ta kafa masa ƙusa a bayan ƙofar shigowa.

"Tuɓe a nan, baban Hani. Malami na aura, ba mai faci ba."

"Don Allah ki zo gobe ki ji mini ko ya ragu."

"Me zai kai ni? Gidan kullum yana zuwa mini da ƙafarsa."

Ana cikin makon ƙarshe, ya mayar da robar mazauninta, ya kwana, ya dawo ya buɗe ƙofa. Bai ji komai ba. Ya tsaya ya ja iska har ƙirjinsa ya cika. Shiru. Ya durƙusa ya kafa hanci a kan robar kamar mai sujada, nan ma shiru. Ya fara hamdala, sai idonsa ya faɗa kan wata albasa da ta kwana uku a lungu ta yi laushi. Ya ɗauko ta ya shinshina. Ita ma bai ji ta ba.

Ya zauna a ƙasa da albasa a hannu. Ya san masu zama a bayan kasuwar kifi ba sa jin ƙarni, har ya taɓa faɗa wa ɗalibai haka da muryar masani. Ko dai warin ya tafi, ko hancinsa ne ya gaji ya ajiye aiki, kuma ba shi da hanyar sanin wanne ne. Dole a samo hancin da bai sha wannan wahala ba.

Ya zaɓi shaidu da hikima, a ganinsa. Na farko Ustaz Ramzi, malamin lissafi, mutumin da bai taɓa yi wa ɗalibi kyautar rabin maki ba. Ta biyu Umm Sabri, wadda ta riga ta nuna ba ta da ciwon kunya. Ya gayyace su bayan la'asar. Kuma da yake ɗan gidan mutunci ne, ba zai kira mutane gidan uwarsa su tsaya a tsaye kamar masu karatun mita ba. Ya sayo basbusa, kek ɗin nan mai zuma, ya dafa shayi da na'ana'a, ya ɗauko ƙananan kofuna, ya yaye mayafin kujerun baƙi.

Abin da bai tsaya ya tuna ba shi ne abin da kowa ya sani. Mu a nan mutum zai iya tare ka a matakala ya wanke ka tas har kakanka. Amma da zarar ya tsallake dokin ƙofarka, ka ce masa ya haskaka gida, ya karɓi kofi daga hannunka, to gidanka ya zama aljanna, ko akuya ce ta mutu a ƙarƙashin kujera.

Ustaz Ramzi ya ɗan tsaya a bakin ƙofa, ya yi tari, sannan ya shigo da bismilla.

"Gida ya yi kyau. Allah ya dawo da Hajja lafiya."

"Amin. Kana jin wani abu?"

"Kamar me?"

"Wari."

"Haba, Ustaz Fikri. Gidan Hajja ne fa. Albarka kawai nake ji."

"Na ga idonka yana ruwa."

"Alli ne. Shekara da shekaru ina shan ƙurarsa."

Umm Sabri ta zauna a bakin kujera, ta ja gefen mayafinta ta rufe rabin fuska, abin da Fikri ya ɗauka kunyar baƙon namiji ce.

"Ke fa, Umm Sabri? Ki faɗi gaskiya, kin san ba na fushi."

"Wane wari kuma, Ustaz? Da ne. Yanzu kam ko asibiti albarka. Allah ya ba mu 'ya'ya irinka."

Ba su daɗe ba. Ramzi ya tuna yana da takardun dubawa, Umm Sabri ta tuna ta bar wake a wuta, ta ƙunshe basbusarta ta ce a sama za ta ci. Suna fita Fikri ya kira Dasuƙ.

"An gama, Abla. Ba santsi, ba wari. Shaidu biyu, mace da namiji."

"To," in ji I'itidal. "Ni ma ina tafe da nawa hancin."

Ranar Alhamis ya share gidan, ya goge, ya kwashe kwanukan gawayi da albasa ya tara a kicin da niyyar wankewa, bayansa ya ce ya isa haka. Sannan, don kada ƙurar titi ta ɓata masa aiki, ya rufe tagogi ruf, ya ja labule. A tsakiyar bazara.

Sun iso bayan an sauko daga Juma'a. Hawan matakalar ya ɗauki lokaci. Tsohuwar ta rame, baƙar rigar fitarta ta yi mata yawa, tana hawa ɗaya ta huta, Fikri a gefe yana riƙe da gwiwar hannunta, I'itidal a baya da jaka tana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Da suka kai, Fikri ya murɗa makulli ya tura ƙofa, ya matsa gefe da ɗan murmushin mai gabatar da aiki.

Shi bai ji komai ba. A fuskar yayarsa ya gani. Hancinta ya tattare, ta ja kai baya kamar wadda aka watsa wa ruwan zafi.

"Fikri, gareji ka buɗe?"

"An ce mini ya tafi."

"Wa ya ce maka? A maƙabarta ka samo shaidun?"

Hajja Nabawiyya ta shige ciki. Ta ɗora sandarta a kan robar, ta taka, ta sake takawa. Fikri yana jira ta nufi kujerarta ta bakin taga, har ya riga ya gyara mata matashi. Sai ta karkata ta shiga wajen kujerun baƙi, waɗanda ita da kanta ba ta zama a kansu sai ranar salla. Ta zauna a baki-baki, ta haɗa gwiwoyi, ta ɗora 'yar jakarta a cinya ta riƙe da hannu biyu. Ba ta cire mayafi ba.

"Masha Allah," ta ce. "Ka sha aiki, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

"Kina jin warin, Mama?"

"Babu wani wari."

"Mama," in ji I'itidal, "ni da ba ni da asma ƙirjina ya fara ɗaurewa."

"Ban ji komai ba, 'yar nan. Yaro ya yi ƙoƙari, a gode masa."

Daɗi ya fara taso wa Fikri, sai ya tsaya. Ya san muryar nan. Ita ce muryar da tsohuwar take fitowa da ita a gidan surukai, in an kawo mata abincin da gishiri ya yi wa yawa ta ce ba ta taɓa cin irinsa ba. Bai taɓa jin ta a cikin gidan nan ba. A gidan nan matar ta taɓa jin warin sigari a jikinsa tun yana ƙasan bene. Ya dube ta sosai: yadda ta zauna, yadda ta riƙe jaka, yadda take kallon hotunan bango kamar na wasu mutane. Watannin da ta yi ana yi mata komai sun koya mata godiya. Sai a lokacin kuma ya tuna Ramzi da idonsa mai ruwa, da Umm Sabri da mayafinta, ya ji kunya ta sauko masa har tafin ƙafa.

"Mu ɗan huta mu kama hanya," tsohuwar ta ce, "kada mu takura maka. Kana da iyali."

"Ku takura mini? Mama, gidanki ne."

"Allah ya raya," ta ce, irin yadda ake ce wa mai gida.

I'itidal ba ta yi murnar da ya zata za ta yi ba. Ta buɗe taga ɗaya ta tsaya a jikinta tana kallon titi. Duk hawa da saukan da Fikri ya yi suka taru suka zauna masa a kafaɗa lokaci guda. Ya jingina da bango ya ce a ransa, to shi ke nan, a nannaɗe, a rufe gidan, a ba Umm Sabri makulli ta riƙa ba shuka ruwa.

"Bari in kama ruwa kafin mu tafi," in ji tsohuwar. Har da cewa, "In ba damuwa."

Ta tashi. I'itidal ta zo za ta riƙe ta, ta ɗaga mata hannu. Ta bi baƙar hanyar da ya shimfiɗa, sandar tana sauka ba ƙara, ba zamewa. Su biyun suna bin bayanta da ido. Hanyar banɗaki ta gaban ƙofar kicin take bi, kuma Fikri bai ja ƙofar ba.

Nan ta tsaya.

A kan teburin kicin kwanukan jiya suke, a tare. Na roba da na silba suna ƙasa. A samansu kuwa farin tangaran ne mai bakin zinariya da 'yan furanni shuɗɗa: babban kwanon miya da gawayi a ciki, faranti masu zurfi da busasshiyar gahawa ta kama, da wani ɗan kwano mai marfi da albasa ta narke a ciki ta yi ruwa. Kayan jerenta ne, waɗanda ta shigo gidan da su tana amarya, suke zaune a kabad ɗin gilashi tun kafin a haifi I'itidal. Ana fito da su ne a goge a mayar. Fikri ya ɗauke su ne ranar da kwanuka suka ƙare masa, yana cewa ai kwano kwano ne.

"Wa ya buɗe mini kabad?"

Muryar ba ta da ƙarfi, amma ba ta gidan surukai ba ce.

"Mama, na ɗan ara ne, zan wan—"

"Ara. Ubanka ya zauna da ni har ya koma ga Allah bai sha ruwa a kwanon nan ba. Ranar da aka zo neman auren yayarka ban fito da shi ba. Kai ka zuba masa gawayi." Ta matsa ciki, ta ɗaga ɗan kwanon da yatsa biyu. "Wannan kuma mene ne? Albasa? A kwanon sukari? Fikri, kai da ake ba 'ya'yan mutane ka koya musu hankali?"

"Don warin ne, Mama."

"Warin. To ya tafi? Tun daga ƙofar bene yake shaƙe ni, na yi shiru ne don kada yayarka ta samu abin faɗa. Gida kamar an yi gobara a tashar mota. Wa ya ce ka rufe tagogi? Wane mai hankali ne yake rufe taga a kan wari? Buɗe su duka. Da na ɗaki. Ka sauke labulen nan, sun mutu. I'itidal, kina tsaye kamar sanda, zo ki karɓi mayafin nan."

Ta cire mayafin ta miƙa ba tare da ta duba wa ta ba. Ta juya, ta bi robar har bakin taga, ta ɗauke matashin da ya gyara ta jefar gefe, ta zauna a kujerarta da wani nishi mai tsawo.

I'itidal ta tsaya da mayafi a hannu. "To kin faɗa da bakinki, Mama. Wari yake. Tashi mu tafi."

"In tafi in bar masa gidan? In na ƙara wata guda a Dasuƙ, a akwatin aurena zai shuka tumatir."

"Ƙirjinki fa?"

"Ƙirjina ba zai zauna da wannan baƙar annoba ba. A kwashe ta a kai saman bene, ta zauna can har ta koyi zama da mutane. In ta daina wari a sauko da ita, na ga ba ta zamewa, wannan kam ban hana shi ba."

"Umm Sabri ba za ta yarda ba," in ji Fikri a hankali.

"Ka ce mata ni na ce. Igiyar da take shanya a kai ma tawa ce."

"In an kwashe, tayil ya dawo ke nan," in ji I'itidal. "Na rantse ba za ki taka shi ba. Wa zai riƙe ki in za ki banɗaki? Wa zai riƙe ki da asuba?"

Su biyun suka juyo suka dube shi, uwa da 'ya, da ido iri ɗaya. Fikri ya duba bayansa, bango ne kawai.

"Ina da makaranta," ya ce.

"Hutu saura kaɗan," in ji I'itidal. "Kafin nan in ka fita ta zauna a kujera har ka dawo."

"Ga doguwar kujera can," in ji tsohuwar. "Dama rabin rayuwarka a kanta ka yi barci."

Aka ɗan ja, don I'itidal ba ta saba sauka daga magana da wuri ba. Ta ce rantsuwarta fa, tsohuwar ta ce ta ciyar da miskinai, ai tana da hali. Ta ce magunguna, tsohuwar ta ce tana shan magani tun kafin a yaye ta. A ƙarshe I'itidal ta sauka ta sa direba ya hawo da akwatin da ta ce ba ta zo da shi ba. Da za ta tafi ta tsaya a gaban ƙaninta, ta gyara masa wuyar riga, ta shinshina yatsunta, ta girgiza kai.

"In ta faɗi, Fikri, kada ka kira ni. Ka bar ƙasar kawai."

Ya kira Su'ad ya ce ta haɗa masa kaya a jaka. Ta tambaya na kwana nawa, ya ce bai sani ba. Ta ce za ta sa masa da sabulu.

Ya durƙusa a bakin falo ya fara ɓamɓaro gunduwar farko. Gwiwoyin suka yi ƙararsu. Daga bakin taga ana sanar da shi cewa ba haka ake naɗi ba, kuma ya bar tangaran ɗin nan kada ya kuskura ya wanke, ita za ta wanke abinta a zaune. Ya kwashe ta falo, ya kwashe ta hanyar banɗaki, ya jingine su a waje bakin matakala. Tsohon tayil ya fito fari, yana sheƙi kamar bai taɓa yi wa kowa komai ba. Ya saɓa gunduwa ɗaya a kafaɗa ke nan aka kira la'asar.

"Ajiye wannan ka zo ka kai ni in yi alwala."

Ya ajiye, ya zo ya miƙa hannu. Ta dubi hannun, baƙi ƙirin har wuyansa.

"Da wannan za ka taɓa ni? Je ka wanke. Da sabulu, ba da khal ba."

Ya je ya wanke, ya dawo ya tanƙwara mata hannu. Ta kama shi da ƙarfin da bai zata tana da shi ba, ta miƙe, ta ɗora ƙafa a kan tayil ɗin a hankali, sanda a dama, shi a hagu. Suka fara tafiya, taku ɗaya, hutu ɗaya.

"Rage sauri," ta ce. "Ba jirgin ƙasa za mu tara ba."